Kafin ka ɗora wa rauta laifi, fahimci kayan intanet ɗin gidanka

Sana'ata haɗa wa mutane intanet a gidaje da shaguna a Kano da kewaye, kuma ƙorafin da na fi ji shi ne: "Malam, rautar nan ba ta ja." Sau da yawa idan na je sai in tarar lafiyarta ƙalau. Ko dai an ajiye ta inda ba za ta iya aiki ba, ko an ba ta wutar da ba tata ba, ko kuma matsalar tana can a turken sabis, nesa da gidan. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutum ya sayi na'ura da guminsa, yana zuba data duk wata, sannan wani ya ce masa sai ya sayi sabuwa, alhali da an matsar da ta farkon kusa da taga da an huta.

Riƙe wannan tukuna, domin a kansa komai ya ginu. Rauta mai sim ayyuka biyu take yi, kuma ba su da alaƙa da juna. Na farko ta jawo sabis daga turken kamfani zuwa gidanka. Na biyu ta raba shi ga wayoyi da kwamfutoci ta Wi-Fi. Sandunan Wi-Fi da kake gani cike a wayarka labarin aiki na biyu kawai suke ba ka, wato kana kusa da rauta. Ba su san komai game da abin da ke tsakanin rauta da turke ba. Shi ya sa za ka ga Wi-Fi cike fal amma hoto ya ƙi buɗewa. Duk gyaran da za ka yi, fara da tambayar kanka: wanne ne cikin biyun ya gaza?

Kayan da ake samu a gidajenmu iri uku ne. Akwai rautar cikin ɗaki da ake sa wa sim, ta 4G ko 5G, wadda ta haɗa ayyukan biyu a jiki ɗaya. Akwai wadda aka raba gida biyu: akwati mai sim da eriya a kan bututun ƙarfe a saman gini, kebul ya sauko zuwa ƙaramar rauta a falo. Sai kuma rediyon da ƙananan kamfanonin intanet ke kafawa, mai kama da faranti ko faifai, galibi ƙirar Ubiquiti ko MikroTik, wanda ba ya amfani da sim, yana kallon turken kamfanin ne kai tsaye. Starlink, da ya shigo Najeriya a farkon 2023, daga tauraron ɗan'adam yake ɗaukowa, maganarsa daban ce.

Idan ta cikin ɗaki ce gare ka, wurin ajiya shi ne rabin aikin. Gidajenmu na bulo ne da siminti da rodi, sama kuma kwano, tagogi da ƙarafan tsaro. Duk waɗannan suna cin sabis. Wurin da aka fi son ajiye rauta, wato bayan talabijin ko cikin durowar falo, shi ne mafi muni. Tana son taga, tana son tudu, tana son ɓangaren gidan da ke fuskantar turke. A gidan bene, sama ta fi ƙasa kusan kullum.

Amma kada ka yi ta yawo da ita kana kallon fitilun jikinta, fitilun nan ba su da zurfin bayani. Juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Za ka ga adireshi irin 192.168.8.1, wanda na'urorin Huawei suka saba da shi, ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin, rubuta adireshin a burauza, shiga da suna da kalmar sirrin da ke takardar, ka nemi shafin bayanin na'ura. Lambobi biyu nake so ka samo a can.

Ta farko RSRP, ita ce ƙarfin sabis ɗin da ke isowa. Da alamar ragewa ake rubuta ta, kuma wadda ta fi kusa da sifili ta fi kyau. Idan ka ga -80 ko abin da ya fi shi, ka dace. Daga -90 zuwa -100 za a yi aiki. Ya wuce -110, wahala ce. Ta biyu SINR, ita ce tsabtar sabis ɗin. Sama da 20 madalla, 13 zuwa 20 yana da kyau, ƙasa da 5 za ka fara jin jiki, ƙasa da sifili kuwa sai haƙuri. Mutane sun fi kula da ta farko, ni kuwa ta biyu na fi bai wa muhimmanci. Ka ɗauka wani yana kiranka a tsakiyar Kantin Kwari da rana tsaka: muryarsa na iya zama da ƙarfi, amma hayaniya ta hana ka gane abin da yake faɗa. A cikin gari, inda turaku suka yi yawa suna yi wa juna katsalandan, haka take faruwa. Na sha zaɓar tagar da RSRP ɗinta ya ɗan yi ƙasa saboda SINR ɗinta ya fi, domin bangon gidan ya tare hayaniyar wani turken, kuma gudun ya ƙaru a fili.

Yadda za ka yi gwajin: ajiye rautar a wuri, ba ta kamar minti biyu ta natsu, sabunta shafin, rubuta lambobin biyu, sannan ka auna gudu da fast.com ko Speedtest. Matsa zuwa wata tagar ka maimaita. Ko a taga ɗaya, juya fuskarta kaɗan yana canza lamba, saboda eriyoyin suna cikin jikinta. Ɗauki doguwar wayar soket ka bi ɗakunan da haƙuri, aikin yini ɗaya ne da za ka daɗe kana morarsa.

A shafin nan kuma za ka ga zangon da take kai, wato tashar da take kama sabis a kanta kamar ta rediyo, an rubuta B3, B7, B20 ko B28. Waɗannan su ne 1800, 2600, 800 da 700MHz. Ƙananan zanguna, 700 da 800, suna tafiya nesa suna ratsa bango, shi ya sa su ake dogaro da su a ƙauye da bayan gari. Manyan sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. 5G ɗin Najeriya a kan 3.5GHz yake. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa a Disamba 2021, MTN ya fara aiki da shi a 2022 da Kano da Maiduguri cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Yana da gudu sosai, amma bango biyu sun isa su karya shi, rautar ta koma 4G ba tare da ta sanar da kai ba. Saboda haka kafin ka biya kuɗin rautar 5G, ari ta wani ko waya mai 5G ka gwada a cikin ɗakin da za ta zauna, ba a ƙofar gida ba. Idan kuma ta hannu za ka saya a kasuwa, tabbatar da abu biyu: ba a kulle ta a kan layin kamfani ɗaya ba, kuma tana ɗaukar zangunan da na ambata. Wadda aka ƙera don Amurka na iya kunnuwa lafiya amma ta rasa yawancinsu. Sim ɗin rauta ma sai an haɗa shi da NIN kamar kowane layi.

To idan lambobin duk suna da kyau amma intanet na rarrafe fa? Auna gudu bayan sallar asuba, ka sake aunawa bayan isha'i. Idan da asuba yana tashi, da dare ya kwanta, turken unguwarku ne ya cika da jama'a. Sabuwar rauta ba za ta warkar da wannan ba, eriya ma haka. Abin da ke taimakawa shi ne kulle rautar a wani zangon idan tana da wannan damar, ko gwada layin wani kamfani. Duba kuma ƙa'idar tsarin da ka saya, domin da yawa cikin waɗanda ake kira marasa iyaka suna rage gudu idan ka kai wani adadi.

Wanda lambobinsa suka ƙi gyaruwa a kowace taga, shi ne mai buƙatar kayan waje. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Akwati mai sim a sama da kebul na intanet zuwa ƙasa ya fi eriya zalla da doguwar wayar eriya. Wayar eriya tana zubar da sabis a kowace mita, idan ta yi tsawo sai ta cinye ribar da eriyar ta samo. Kebul na intanet kuwa, Cat5e ko Cat6, yana kai mita 100 ba asara. In dai eriyar za ka sa, wayar ta zama gajeriya, kuma ka haɗa ramukan biyu da ke bayan rautar, domin 4G da hanyoyi biyu yake aiki a lokaci guda.

Na'urar sama ta cikin kebul ɗin take samun wuta, daga wata 'yar adafta mai rami biyu. Ɗaya an rubuta POE, shi ke hawa sama. Ɗaya LAN, shi ke zuwa rautar falo. Kada ka musanya su, kuma kada ka ari adaftar wata na'urar. Yawancin rediyoyin Ubiquiti na gida 24V suke ci, wasu na'urorin kuma 48V, kuma ramin iri ɗaya ne, ido ba zai raba maka su ba. Na taɓa zuwa wani shago a Sabon Gari inda yaron shago ya cusa wayar POE a kwamfutar maigidansa, ramin intanet ɗinta ya ƙone nan take.

Kebul ɗin ma a kula. Kasuwa cike take da na alminiyon da aka yi wa rufin tagulla. Kankare silin waya ɗaya da wuƙa, idan fari ya bayyana, ajiye shi. Na tagulla zalla ake so, mai baƙar riga ta waje, domin farin na cikin ɗaki rana tana farfasa shi. Kafin ya shiga bango, lanƙwasa shi ƙasa ya sake hawa, don ruwan sama ya ɗige a waje maimakon ya bi shi har cikin adafta. Bututun kuma a ɗaure masa waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Idan hadari ya haɗo da walƙiya, zare kebul ɗin da ke saukowa daga sama. Kashe soket kaɗai bai wadatar ba, ta kebul ɗin ɓarnar tsawa ta fi shigowa.

Rediyon faranti yana da sharaɗi na musamman: dole ya ga turken ido da ido. Bishiya a tsakani matsala ce, jiƙaƙƙen ganye kuwa ya fi. Idan da rani aka kafa maka, dubi bishiyoyin da ke hanya da idon damina. Kuka da ke tsaye ba ganye a watan Maris za ta rufe hanya a Agusta. Gawo ne kaɗai na sani mai yin akasin haka, shi da damina yake zubar da nasa. Bayan kowace iska mai ƙarfi kuma, ɗaga kai ka ga ko farantin ya juya.

Ɓangaren cikin gida ya fi sauƙi. Za ka ga sunayen Wi-Fi biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na biyun ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, ko da an rubuta 5G a ƙarshen sunan. Yana da gudu a kusa, na farkon kuma ya fi ratsa bango. A gida mai sassa da yawa, rauta ɗaya ba za ta kai daga ɗakin maigida zuwa zaure ba. Ja kebul zuwa can ka sa rauta ta biyu, ya fi 'yar na'urar soket mai maimaita sabis, wadda ke rage gudu kusan rabi.

Sai wuta. Yawancin rautoci 12V suke ci, duba jikin adaftar ka ga ko 1A ce ko 2A. Idan ta lalace, nemi mai ƙarfin wuta daidai, wato lambar V ɗin, amfiya kuma, wato lambar A ɗin, daidai ko sama. Adafta mai rauni tana sa rauta ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, musamman idan mutane sun hau da yawa. Don ɗaukewar wuta, ƙaramin batirin rauta ya fi tayar da janareta. Ga lissafin: rautar da ke cin wat 10, fawa-bankin 20,000mAh yana ɗauke da kimanin 74Wh, bayan asarar juyawa zuwa 12V zai riƙe ta awa biyar zuwa shida. Ta 5G ta fi haka ci. Kada ka jona rauta kai tsaye da batirin sola, domin lokacin caji yakan haura 14V. Zafi ma abin lura ne: yawancinsu an ƙera su don yanayin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu muna kaiwa nan a inuwa. Tagar da rana ke duka da yamma a sa mata labule, kada a ɓoye ta cikin silin ƙarƙashin kwano, bayan hunturu kuma a hure ƙurar da ta toshe ramukan iskarta.

Masu cewa data na ƙarewa da wuri, wani lokacin maƙwabta ne, amma galibi na'urorin gidan ne. Waya tana ɗaukar Wi-Fi a matsayin kyauta, da ta hau sai ta fara sabunta manhajoji da tura hotuna da bidiyo ma'ajiya. Shiga saitin Wi-Fi na kowace waya ka nuna mata wannan layin na awo ne. Talabijin ma haka: Netflix da kansa ya ce kallo mai inganci na iya cin 3GB a awa, na 4K har 7GB. Canza kalmar sirrin Wi-Fi, ka canza ta shiga shafin rautar ma, domin wadda ta zo da ita kowa ya san ta. A tsaron Wi-Fi zaɓi WPA2 ko WPA3, kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, buɗe wa baƙi nasu layin daban, kuma ka riƙa leƙa jerin na'urorin da ke haɗe.

Akwai ɗan rami a baya da aka rubuta Reset. A rautar sim, danna shi da tsinke na kamar daƙiƙa goma yana mayar da komai yadda ta fito daga kwali, har kalmar sirri. A rediyon kamfani kuwa kada ka taɓa shi, zai goge saitin da ke haɗa ka da turkensu, sai sun turo ma'aikaci ya hau sama. Ranar da aka gama kafa maka kaya, rubuta RSRP da SINR da zango da gudun da ka samu a takarda ka manna kusa da rautar. Duk ranar da abu ya canza, kwatanta da na ranar: idan lambobin sun faɗi, duba eriya da kebul da wurin ajiya, idan suna nan yadda suke, kira kamfanin ka karanta musu.