Yadda za ka bambance tsohon gini da sabo a wuraren bautar Tokiyo

Bakatsinen da ya saba ganin hasumiyar Gobarau ya san ruwan sama ne abokin gabar ginin ƙasa. A Tokiyo kuwa wuta ce, domin da katako aka saba gini a da. Gobarar 1657, girgizar ƙasar 1923 da ruwan bama-baman Amurka na 1945 sun cinye akasarin tsofaffin gine-ginen birnin. Don haka in aka ce maka wuri ya haura shekara dubu, tambayi abu biyu: yaushe aka kafa shi, kuma yaushe aka yi ginin da ke tsaye a gabanka.

Fara da sanin iri biyu. Haikalin mabiya Buda galibi sunansa na ƙarewa da "ji", za ka tarar da gumaka da hayaƙin turare. Na Shinto, addinin gargajiyar Japan, ana ce masa jinja, alamarsa ƙofar torii: ginshiƙai biyu da sanduna biyu a gicciye a sama, ba ta da ƙyaure.

Sayi katin biyan kuɗin jirgi, Suica ko Pasmo, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Ginza zuwa tashar Asakusa. Yi sammako, kafin hantsi ya dubi ludayi wurin ya cika maƙil. Nan Sensoji yake, wanda aka kafa a 645, haikali mafi daɗewa a birnin, kuma shiga kyauta ne. Sai dai nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe. Babban zauren ya ƙone a Maris 1945, na yanzu na kankare ne da aka kammala a 1958, rufinsa ma na ƙarfen titaniyom ne da aka yi wa kamannin tayil. Ƙofar Kaminarimon mai ƙatuwar jar fitilar nan da kowa ke ɗaukar hoto a ƙarƙashinta, a 1960 aka sake gina ta da kuɗin Matsushita, wanda ya kafa kamfanin Panasonic. In tsohon katako kake nema, fuskanci zauren ka bi ta hannun dama. Taku kaɗan za ka iske Asakusa Jinja, ƙaramin gini na 1649 wanda wutar yaƙi ta tsallake. Jama'a na wuce shi ba ko waiwaye.

Daga nan tasha uku ce zuwa Ueno a layin na Ginza. Cikin lambun shaƙatawa na Ueno akwai jinjar Toshogu, ginin 1651, mai ƙofa da adon zinariya. Ana biyan kuɗi kafin shiga farfajiyar ciki. Hasumiya mai hawa biyar da ke kusa da shi ta 1639 ce, amma tana cikin shingen gidan namun daji, daga waje za ka hango ta. Sai ka taka sayyada, kamar minti ashirin da biyar, zuwa Nezu Jinja, inda zaure da ƙofofi da katangar 1706 suke nan tare. A ganinmu shi ya fi cancantar lokacinka.

Kada ka yarda da fenti, don sau da yawa tsoho da sabo duk ja ake shafa musu. Nemi allon bayanin da ke gefen ginin, ka duba shekarar da aka gina shi, ba ta kafuwa ba. Manhajar fassara ta waya na karanta allon da kyamara.

Za ka ga kwamin ruwa inda masu ibada suke wanke hannu da baki, da akwatin jefa tsaba, suna rusunawa suna tafi. Wannan ibadarsu ce, ba wanda zai tilasta wa mai kallo. Tsaya gefe, ka sassauta murya. Cire takalmi inda ka ga an jera su, kuma kada ka ɗauki hoto inda aka hana. Guji kwana ukun farkon Janairu da bikin Sanja na watan Mayu, ba masaka tsinke a Asakusa.

In azahar ta riske ka a Nezu, layin Chiyoda zai kai ka kai tsaye tashar Yoyogi-Uehara, masallacin Tokyo Camii na nan kusa da ita.