Yadda na magance hayaƙin injin kekena

Alhamdulillahi, ƙaramin injin da na ɗaura wa kekena, irin mai shan fetur haɗe da man 2T, ya daidaita. A da hayaƙi yake ta yi, salansa na ɗigar da mai, in na murɗa totur sai ya shaƙe. Na wanke kafireto, na sa sabon filogi, shi ma nan da nan ya yi baƙi.

Ashe daga haɗin ne. Awon 16:1 da nake amfani da shi, wato kashi 16 na fetur da kashi 1 na man 2T, na sabon inji ne kawai. Na juye tankin tas, na koma 32:1, wato mililita 31 na man 2T a kowace litar fetur. Da sirinji na auna, na girgiza sosai a jarka kafin in zuba. Ban rage man ƙasa da haka ba, don kada fistin ya kama. Na goge filogin na tayar, yanzu bakin filogin ruwan ƙasa ne, hayaƙin kuma ya ragu sosai.