Yadda za a fassara "bombardement" a labaran rediyo

Mai fassara a gidan rediyo a Yamai kullum sai ya ci karo da wannan kalma ta Faransanci. Tushenta "bombos" na Girkanci, wato rugugi. Larabawa kuwa "ƙasf" suke cewa, kalmar da suke siffanta tsawa da ita. Hausa ba ta da kalma guda, don haka fara tambayar: daga ina wutar ta fito?

In jirgin sama ne ya saki, ka ce ruwan bama-bamai. In manyan bindigogi ne daga ƙasa, babu ƙaƙƙautawa, luguden wuta ya fi dacewa. Lugude na mata ne a bakin turmi, taɓarya na tashi wata na sauka, shi ya sa ba a kiran harbi ɗaya lugude. Abin mamaki, Faransanci ma "mortier" yake kiran turmi da kuma wata ƙaramar igwa.

Inda ake yawan tuntuɓe: abin da aka binne a hanya mota ta taka, nakiya ce ta tashi. In ka ce ruwan bama-bamai, mai saurare a Tawa zai ɗauka jirgi ne ya kai hari.