Kafin ka rubuta babi na ɗaya, zagaya Sabon Gari

Na gaji da ganin kuskure guda a wajen ƙannenmu masu digiri na biyu da na uku a injiniyan lantarki, ko a jami'ar Bayero suke ko ta Wudil. Mutum zai zaɓi take mai daɗin ji, ya kare shi a gaban malamai, sai an yi wata shida sannan ya fara cigiyar inda ake sayar da kayan da zai haɗa.

Ni ma abin ya ci ni, shi ya sa nake zafi a kansa. Aikina a kan inbata ne mai amfani da sola. Wata bakwai na yi ina gwada shi a manhajojin kwamfuta na MATLAB da Proteus, komai yana fita sumul. Ranar da na haɗa na gaske, ko minti biyu bai yi ba MOSFET huɗu, wato maɓallan lantarkin da ke kunna wuta da kashe ta a cikin inbata, suka ƙone. A kwamfuta maɓalli yana kunnuwa ya mutu nan take. A kan tebur kuwa, in ba ka bar 'yar tazarar lokaci tsakanin kashe maɓallin sama da kunna na ƙasa da ke jere da shi ba, su biyun za su kunnu tare, batir ya juye ƙarfinsa ta cikinsu. Ga shi kuma MOSFET ɗin mai lamba IRF3205 da na saya a intanet don sauƙin kuɗi jabu ne, lamba daidai, ciki ba shi ba. Araha ba ta ado. Kafin wasu su iso daga Sin makonni sun tafi, zangon karatu ya bi su.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake tilasta wa duk wanda ya nemi shawarata: ka rubuta jerin kayan aikinka da farashinsu tun kafin a amince da taken. Ka taka zuwa kasuwar Sabon Gari ta Kano ka ga abin da ke akwai da idonka. Wanda babu, ka yi odarsa a makon nan, domin tun da aka saki Naira a 2023 lissafin bara ba ya aiki bana. Duk abin da ke iya ƙonewa, sayi uku. A wata na biyu ka haɗa wani abu komai muninsa, ka kunna shi da na'urar ba da wuta mai ƙayyade karan (yawan wutar da ke gudana), ba da batir kai tsaye ba. Sannan ka tuna yawancin alƙaluman da ke takardar bayanin kamfani a zafin digiri 25 aka auna su, mu kuwa a Afrilu Kano tana haura 40. Ni da azahar nake gwaji, ba da asuba ba.

Kuskure na biyu shi ne ɓuya daga malamin da ke duba aikinka. Don Allah wa ya koya muku wannan? Abu ya lalace sai ka kashe waya, ka daina bi ta ofishinsa, wai sai ka gyara tukuna. Wata uku na yi ina wannan, alhali da na kai masa allon da ya ƙone, kallo ɗaya ya yi masa ya tambaye ni tazarar da na bari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai jarrabawa daga waje zai tono abin da ka binne. Ka je duk mako biyu, da shafi ɗaya: ga abin da na auna, ga inda na maƙale, Malam.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka maƙala wayar ƙasa ta osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo, a layin wutar gida, a haɗe take da ƙasa, tartsatsi za ka gani. Mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka duba ko tana Scopus, rumbun da ke tantance mujallun bincike, kafin ka tura sisi. Manazarta ka bar wa manhajar Zotero, kar ka jera su da hannu. Kowane awo ka rubuta shi a littafi da kwanan wata, ka ajiye kwafin kundinka a wuri biyu ban da kwamfutarka. Ka kuma mallaki mitar awon lantarki da abin liƙin dalma naka na kanka. A yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, waɗanda ke da ɗan teburi a gida su ne suka ci gaba da awo.