Yadda Ake Shafa wa Mota Waks da Silant Don Kare Fenti

Ka duba motar da ta shekara uku tana yini a rana a Kano ko Maraɗi, musamman ja ko baƙa: rufinta da bonet sun dusashe kamar an barbaɗa musu toka. A saman fentin motocin zamani akwai wani siririn shafi marar launi, kaurinsa bai kai na takarda ba, shi ke ba mota sheƙi. Shi rana da ƙurar hunturu da kashin tsuntsu ke ci. Aikin waks da silant shi ne su kare wannan shafin.

Fara da zaɓi. Waks na asali daga ganyen karnoba ake samunsa, wata bishiya mai kama da giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, a jihohi irin su Piauí da Ceará. Sheƙinsa yana da kyau ƙwarai a kan fenti mai duhu, amma a zafi irin namu da wuya ya wuce wata biyu. Silant kuwa haɗin sinadarai ne da ke manne wa fenti, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ni dai in motarka ba ta da rumfa, silant nake ba ka shawara. Kamfanoni irin su Meguiar's da Turtle Wax suna yin duka biyun. Kada ka rikita su da folish, wanda ke kankare saman fenti kaɗan don ya fitar da dusashewa amma ba ya barin kariya. Mota mai fenti marar sheƙi tun daga kamfani kuwa, ba a shafa mata waks na yau da kullum.

Wanki shi ne rabin aikin. Ka fara watsa ruwa sosai ƙura ta sauka kafin soso ya taɓa jikin motar. Tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, don yashin da ka kwaso kada ya koma kan fenti. Ka faro daga rufi ka gangaro, sannan ka tsane ta da tawul mai laushi.

Bayan ta bushe, sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet. In ka ji gargada kamar tsakuwoyi ƙanana, datti ya kama fentin, sau da yawa ɗigon kwalta ne ko danƙon bishiyar da ake ajiye motar a ƙarƙashinta. A nan ake amfani da yumɓun goge mota, wani dunƙule mai laushi da ake yi musamman don cire dattin da ya manne wa fenti: ka fesa ruwan sabulu, ka riƙa jan yumɓun a hankali har wurin ya yi sumul. In ya faɗi ƙasa, jefar da shi, ya riga ya ɗebi yashi. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, sai su rufe datti da waks su ce maganin ba shi da kyau. In fentin ya riga ya dusashe, yanzu ne lokacin folish.

Shafawa a inuwa ake yi, da sassafe ko bayan la'asar. Ɗora bayan hannunka a kan bonet. In da zafi, dakata, domin maganin zai ƙame kafin ka baza shi. Ɗiga kaɗan a kan soson shafawa, kamar ƙwayar gyaɗa uku ko huɗu, ka ɗauki ƙofa ɗaya ko rabin bonet ka baza shi siriri, har sai ka karkata kai kafin ka gan shi. Lafta shi da yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Ka kiyaye baƙar robar bamba da ta gefen gilashi, don waks yana barin farin tabo mai wuyar fita a kansu.

Jira gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan ka ja yatsa a wurin. In ya fita tas, fenti ya bayyana yana ƙyalli, goge da tawul ɗin maikrofaiba mai tsabta, wato mai laushin nan da ba ya karce fenti, kana juya shi kana sauya gefe. In ya yi maiƙo, ƙara masa 'yan mintuna.

Silant yakan so awa 12 zuwa 24 ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, don haka a damina ka lura da hadari. Mai son ƙarin sheƙi zai iya ɗora waks a kai washegari. Silant ne a ƙasa, waks a sama, ba a juya su.

Daga nan sai kiyayewa. Ka roƙi masu wankin mota kada su sa omo, yana saurin cinye kariyar. A hunturu kada a share ƙura da busasshen tsumma. Wannan sharar ta kowace safiya ita ke jawo zanen da kake gani zagaye-zagaye idan rana ta haska. Duk bayan wanki ka zuba ruwa a bonet: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kariya na nan. In ya shimfiɗe ya kwanta, lokacin sake shafawa ya yi.