Yadda ɗan sitaj zai taimaka wa horon rele ba tare da ya zame musu kaya ba

Ɗaliban kiwon lafiyar jama'a, na makarantar ENSP Damouré Zika ta Yamai da na sauran makarantu, kan fita sitaj, wato koyon aiki a likita, wasu a tura su gundumomin jihar Tahoua: Madawa, Ƙonni, Buza, Illela, Keita. Wani lokaci zuwanka yakan faɗo daidai da horon rele, wato mutanen da gari ya zaɓa su riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙauyukan da ke nesa da likita. Haka ta faru da ni, kuma kwana biyun farko ban tsinana komai ba in ban da raba bik da kaye. Ga abin da na so a ce an gaya mini tun kafin in hau mota.

Fara da majo na CSI, wato shugaban likitar wurin, tun horon bai soma ba. Ka gaishe shi, ka roƙi littafin horon da rajistan da rele za su riƙa cikawa, ka kwana da su. Sannan ka tambaye shi su wa za su zo: wa ke karanta Faransanci, wa ya iya ajami kaɗai, wa Tamashek ko Fulatanci ya fi masa sauƙi. Mai horarwa yana nan, ba kai ne shi ba. Aikinka ka tsaya inda idonsa bai kai.

Littafin da Faransanci yake zuwa, aikin kuwa da Hausa za a yi shi, Hausar Adar ma, ba wadda ka saba ji a rediyo ba. Kada ka zauna kai kaɗai kana fassara. Tambayi rele ɗin: "Inna, in yaro ya sanƙare yana jijjiga, me uwaye ke cewa a garinku?" Abin da suka faɗa shi za ka rubuta a allo, shi kuma za a yi ta maimaitawa har a tashi. Yawancinsu sun haife ka, saboda haka Baba da Inna da Malam za ka riƙa kira. Wanda ka kira da sunansa tsirara a gaban jama'a, ya rufe bakinsa ke nan har ranar sallama.

Inda ɗan sitaj ya fi amfani shi ne ƙirgen numfashi, wanda da shi ake gane ciwon huhu, domin mai horarwa guda bai iya tsayawa kan mutum ashirin. Ƙa'idar gajera ce: yaro daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti guda ya yi sauri; daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Haddace wannan ba wuya. Wuyar tana ga yaron. Ka nemi izinin majo, ka roƙi uwayen da suka zo awo su ba ku aron minti biyar. Yaro ya zauna a cinyar uwarsa, a ɗaga riga a hankali, rele ya ƙirga, kai ma ka ƙirga a ranka, minti cikakke, sannan ku gwada. In kun saɓa da yawa, a sake. Ni na taɓa ƙirga wa wani yaro 58 yana tsala kuka, na juyo ina shirin bayani, sai wata dattijuwa cikin masu koyo ta ce, "Ɗana, bari ta ba shi nono ya huce tukuna." Da ya yi shiru muka sake, 36 muka samu. Da a ƙauye ne, da an ɗora shi kan amoksisilin a banza. Tun ranar nan na daina barin kowa ya ƙirga yaro mai kuka.

Ma'aunin dantse, na gano tamowa, shi ma haka. Daga wata 6 ake awo, a hannun hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu. Ja yana ƙasa da milimita 115, ɗorawa daga 115 zuwa 125, kore sama da haka. Kuskuren da za ka fi gani shi ne ɗaure ma'aunin tamau kamar ana ɗaure bakin buhu, sai lafiyayyen yaro ya faɗa ɗorawa. Riƙe hannun rele da naka ka sassauta, ya ji da yatsunsa. Kada a manta ƙafafu: a danna bayan ƙafa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, in rami ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani ko da dantse ya nuna kore.

Gwajin masassarar cizon sauro, kowa ya yi shi da hannunsa, da safar hannu, ya jefa allurar a kwalinta, ya jira mintocin da aka rubuta a jikin kwalin gwajin. Masu gaggawa kan karanta da wuri su ce babu. Ruwan gishiri da sukari na zawo kuwa, ƙunshi guda a lita guda ta ruwa mai tsabta. Ka zo da kwanon sha irin na gidajensu a auna lita a ciki, kowa ya ga inda ta tsaya. Zinc ana ci gaba da ba da shi kwana 10 zuwa 14 ko zawon ya tsaya, kuma nan ne uwaye suka fi yankewa.

Sai alamomin da rele bai taɓa magani a kansu, turawa kawai: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ya yi lakwas ba ya farkawa, ko ƙirjinsa na shigewa ciki in ya ja numfashi. Wannan da wasan kwaikwayo ake koyar da shi. Kai ka zama maigidan da ya ce ba shi da kuɗin amalanke, kuma gona na jira. Ka yi taurin kai da gaske. Bari rele ya nemo maganar da zai faɗa, har ya tuna masa cewa tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a likitocinta.

In horon na gab da damina ne, maganar rigakafin masassara na wata-wata za ta shigo, na yara daga wata 3 zuwa 59. Abin da za ka nanata: na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na kwana biyun da suka biyo uwa ke bayarwa a gida.

Za a tambaye ka kuɗin zama, da yaushe magani zai iso. Ka ce a tambayi majo. Kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, domin kai za ka koma Yamai, shi za a bari da rigimar.

Bayan sallama, roƙi a sa ka cikin masu zagayen duba aiki, ko ƙauye biyu ne. Fara da ƙofar maigari. Sannan ka zauna kan tabarma kusa da rele, ka yi shiru ya duba yaro, gyara sai uwar ta tafi. Buɗe rajista, ƙirga yaran da aka rubuta, ƙirga maganin da ya rage a akwati, ka ga ko sun yi daidai. Abin da ya ƙare ka rubuta a takarda, ka miƙa wa majo hannu da hannu a ranar, kafin ka fara tunanin rahoton sitaj ɗinka.