Yadda za ka kafe taga a saman sauran tagogi a kwamfuta

Mai lissafin shago a babbar kasuwar Maraɗi ya san wannan wahalar: yana juya naira zuwa sefa a kalkuleta, da ya danna Excel don ya shigar da adadin sai kalkuleta ta ɓuya a baya. Haka mai buga takardu da ke kwafo rubutu daga hoto. Maganin shi ne a kafe ƙaramar tagar ta zauna a sama, ko ina aka danna.

Kafin ka sauke komai, duba ko manhajar tana da abin a jikinta. Kalkuletar Windows 10 da 11 tana da ɗan maɓalli kusa da kalmar "Standard" a sama. Ko ka riƙe Alt ka danna kibiyar sama. A VLC, manhajar kallon bidiyo, kuwa yana cikin "View", sunansa "Always on top", a kwamfutar da ke Faransanci "Vue" sannan "Toujours au-dessus".

Sauran tagogi, Windows ba ta zo musu da wannan ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce PowerToys, na Microsoft ne kuma kyauta, tun farkon 2022 aka saka masa wannan aikin. Sharaɗinsa Windows 11, ko Windows 10 daga siga ta 2004 zuwa sama (lambar siga ce, ba shekara ba). Danna Win (maɓallin mai tambarin Windows) da R, rubuta winver, za ka ga sigar taka. Sauke PowerToys daga Microsoft Store, amma a inda akwai wifi, domin ya haura mega 100 kuma zai cinye maka forfe. Buɗe shi, kunna "Always On Top", danna tagar da kake so, sannan ka haɗa Win da Ctrl da T. Za ka ji ɗan sauti, layi mai launi ya zagaye tagar. Maimaita haɗin maɓallan, sai ya saki tagar. Harafin T wuri ɗaya yake a madannan AZERTY da QWERTY, babu rikici a nan.

Idan ya ƙi, yawanci ba a danna tagar ba ne tukuna, domin wadda ake aiki a kanta kaɗai yake kamawa. Wani lokacin kuma manhajar an buɗe ta da ikon mai kula da kwamfuta, PowerToys kuwa yana tafiya da ikon kowa, shi ya sa ba ya iya taɓa ta. Shiga "General" a cikin PowerToys ka sake tayar da shi da ikon mai kula. A nan ma za ka kunna masa tashi tare da kwamfuta, in ba haka ba da an ɗauke wuta an dawo, haɗin ba zai yi aiki ba. Tagogi 2 da aka kafe tare, wadda ka danna daga baya ita ke hawa kan 'yar'uwarta.

Kwamfuta mai RAM giga 4, irin na hannu da suka cika gari, kashe mata sauran kayan PowerToys da ba ka buƙata, don kada ta yi nauyi.

Mai Windows 7 sai ya sauke wata manhaja mai suna AutoHotkey, siga ta 1.1, ya saka ta a kwamfutar. Rubuta wannan layin a Notepad, adana da suna mai ƙarewa da .ahk, ka danna fayil ɗin sau 2:

^SPACE:: Winset, AlwaysOnTop, Toggle, A

Daga nan Ctrl da dogon maɓallin tazara ne ke kafewa da saki. A Ubuntu, dannan dama a kan goshin tagar ya isa, zaɓin yana cikin jerin da zai fito.